Kaskon Kajin Kakata

Yau da safe na binne ragowar kajina a bayan gida. Malamin dabbobi ya ce murar tsuntsaye ce, agwagin daji masu sauka a tafkin Ɗanzomo ne suka kawo ta. Ina dawowa a gajiye na yi tuntuɓe da tsohon kaskon marigayiya kakata, sai kawai na zauna nan a ƙasa.

Ita ba ta taɓa ba kajinta ruwan tafki ba. Da zarar tsuntsayen nan sun fara sauka, sai ta kulle kaji a akurki, ta goge kaskon da toka, ta cika shi da ruwan rijiya. Har yau ina tuna kaushin hannunta da ƙanshin jiƙaƙƙiyar tokar.

Wata rana maƙwabcinmu maharbi ya kawo mata agwagwar daji da ranta, kyauta. Ta tare shi a bakin zaure.

"Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma ba za ta shiga wurin kajina ba."

"Haba Iya, lafiyarta ƙalau fa!"

"Ita dai ƙalau take. Abin da ta kwaso a hanya nake tsoro."

Bana rijiyarmu ta ƙafe, mu da kaji duk tafkin muka koma.

Na goge kaskon da toka, na cika shi, babu mai sha. Allah ya jiƙanki, Iya, ya shayar da ke ruwa mai sanyi kamar yadda kika shayar da su.