Wayar Mai Doya

Kafin in lalace, ina da ɗan shagon wanke hotuna a Lafia, kusa da tasha. Ban tara komai ba, amma ina cin abincina da kwanciyar hankali.

Sai sababbin wayoyi suka zo da wani nau'in hoto da tsohuwar kwamfutata ba ta ganewa. A turo hoto, in danna, ta ce sai na sayi lasisin wata ƙaramar manhaja. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ni ga rowa. Sai na riƙa ce wa mutane su bar min wayar a buɗe, in mayar da hoton tsohon nau'i a cikinta, su je su dawo.

Da farko leƙe kawai nake yi. Garin leƙen na gano mutane suna ɗaukar hoton katin bankinsu, gaba da baya. Na taɓa kuɗinsu kaɗan, na ji shiru, na ƙara. In tsoro ya kama ni sai in goge wayar kaf, in ce sabon nau'in hoton ne ya rikita ta. Wa zai musa min? Su ma ba su gane kansa ba.

Rannan wani mai sayen doya daga Assakio ya shigo, yana so a wanke hoton ƴarsa da ta rasu. Ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, “Oga, yi shi babba, ka sa a firem. Mamansa ne yake so.” Ko sauraronsa ban gama yi ba, hankalina yana kan asusunsa. Na kwashe, na goge wayar. Ashe hotunan yarinyar babu su a ko'ina sai a ciki.

Shi ne ya kai ni ƙara. Na yi shekaru a gidan yari, na fito da furfura da ciwon baya, shago kuma ya zama na wani.

Na tuba, na je Assakio neman gafara. Ya ba ni kujera, ya ce maganar kuɗi ta wuce. Sai ya yi ƙasa da murya: “Ba ka ajiye ko hoto ɗaya ba?” Na ce a'a. Ya ce, “To ka gan shi dai? Wanda yana dariya, da jan hula?” Na so in ce na gani, amma na gaji da ƙarya. Na ce ban ko buɗe hoton ba.

Samari, in aka miƙo muku waya, ku yi abin da aka ce kawai, ku mayar. In aikin ya fi ƙarfin kwamfutarku, ku faɗi gaskiya. Ni an yafe min, amma da zan tafi, uwar yarinyar ta biyo ni bakin ƙofa, ta miƙo min wayar, ta ce in na samu mai gyara, don Allah in gwada mata ko hotunan za su dawo.