Kalmar da Malam Abdulmumini Ya Ba Maiwada

Malam Abdulmumini ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a firamare a Talata Mafara, amma ba Turancin da ake ci da shi ba. Shi tsofaffin kalmomi yake so, waɗanda ko Turawan sun yar. Duk ɗan ajin da zai fita, sai ya ba shi kalma ɗaya da ma'anarta, ya ce amana ce. Matarsa Tabawa, 'yar garin Dakko, ba ta san ko ɗaya ba, kuma ba ta taɓa nema ba. Tana cewa mutum ya rasa abin tarawa sai maganar matattu.

Da ya tsufa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hausa ta kwance masa gaba ɗaya. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa, ita yake ta maimaitawa, idonsa a kan Tabawa. Da ya faɗa, sai ta miƙe da sauri ta kawo ruwa, ko fura, ko ta kira liman. Ya kau da kai. Jikoki suka gwada nema a waya, amma bakin ya karkace, ba su iya rubuta abin da suka ji ba. Tsoro ya kama Tabawa: kada mutumin nan ya tafi da buƙatarsa ba ta biya ba.

Sai ta yafa mayafi ta shiga bin tsofaffin ɗalibansa, tana kwaikwayon muryarsa ba kunya. Wani direba ya ce tasa ma'anarta shanu ce. Wata ungozoma a Maradun ta mance tata, har ta yi kuka. Ranar Talata ta iske Maiwada mahauci a rumfarsa. Ta faɗi kalmar, ya ajiye wuƙa.

"Inna, wagga tawa ta. Helpmeet."

"Mi ake nuhi? Abinci na, ko magani?"

"Ba ko ɗaya. Abokiyar zama, wadda ka taimakon mutum. Ke ta shika kira."

Tabawa ta dafa tebur. Ashe duk sa'ad da ya kira ta, tashi take ta bar shi.

Ta koma gida ta shimfiɗa tabarma a gefen gadonsa. Ya faɗi kalmar, ta ce, "Na'am, Malam." Wannan karon ba ta tashi ba.