Ranar da Aka Ƙirga Ni Cikin Masu Aiki

Abubuwa da yawa sun same ni a Abuja, yawancinsu na bar su sun wuce. Amma ranar da aka ƙirga ni cikin masu aiki, wannan kam da ita za a binne ni.

Lokacin soja sun koma bariki, gine-gine suna ta tashi ko'ina. Ni lebura ne. Da rani nakan fito daga Kuje in tsaya bakin titi a Garki da diga da shebur, ina jiran mai ɗauka. Da damina in nufi Yangoji, inda wani dattijo Bagwari yake ba ni aron gona. Sharaɗinsa ɗaya ne: ruwan farko ya sauka ka zo ka yi sharar gona, in ba ka zo ba ya ba wani. Gonar nan ce ke ciyar da matata da 'ya'yana huɗu. Birni kuɗin cefane kawai yake bayarwa.

Wata Alhamis, hadari ya fara haɗuwa, motar wani ɗan kwangila ta kwashe mu zuwa wani babban gini. Aka ɗauki hotonmu, aka rubuta sunayenmu, aka ba kowa hular kwano da kati mai igiya. Ban iya karatu ba, amma na gane fuskata a jiki. Aikin da aka sa mu bai wuce sharar haraba ba. Na tambayi shugaban leburori ko na dindindin ne. Ya ce, "Ba ga kati a wuyanka ba?"

Abokin tsayuwata, wani mutumin Filato da ya girme ni, ya jujjuya nasa katin ya ce, "Ɗan'uwa, aikin da ba a tambaye ka me ka iya ba, ni ban yarda da shi ba."

Na ce, "Kai dai ka saba da wahala ne, Baba."

Ya ce, "Ita ma ta saba da ni. Kar dai ka saki gona."

Na saki. Ranar Lahadi na je Yangoji da katin a wuya, na ce wa dattijon ya ba wani, na samu aikin kamfani. Ya dube ni, ya dubi katin, ya ce, "Shi za ku ci?" Na yi dariya. Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Ranar Talata mutanen gwamnati suka zo duba yawan waɗanda ginin ya ɗauka aiki. Aka jera mu da hulunanmu. Wani matashi mai farar shadda yana bin layi da takarda a hannu. Ya tsaya gabana cikin ladabi.

"Malam, kana aiki a nan?"

Na ce e.

"Kullum?"

Na ce kullum. Ya yi alama ya wuce. Bai yi ƙarya ba. Ni ma, a iya sanina, ban yi ba.

Motarsu na fita aka ce a tara huluna. Aka sallame mu, wai za a neme mu. Katin kaɗai suka bar mana, ya gama musu amfani.

Mako biyu ina zuwa bakin ƙofar nan, mai gadi yana korata. Da na haƙura na koma Yangoji, na tarar masarar wani har ta tsiro a gonar. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Yadda ka ce haka na yi." Shekarar nan ranar da aka ɗauke ni aiki mu ci, ranar da ba a ɗauke ni ba mu kwanta haka. Matata ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta. Sai bayan kakar wata shekarar na iya dawo da su.

Ina zaune wurin mai shayi wata safiya, rediyo ta ce yawan masu aiki ya ƙaru a ƙasa, alamar arziki yana bunƙasa. Mutumin Filato ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ka ji, oga? Da mu ake." Ina cikin lissafin, kuma da bakina na shiga.

Ban ce duk lissafin ƙarya ba ne, na ga waɗanda suka samu aikin gaske a shekarun nan. Amma na koyi cewa takarda kawuna take ƙirgawa, ba ta leƙa tukunya. Yanzu in aka ce wane ya samu aiki, nakan tambaya na kwana nawa ne. Kuma ban ƙara sakin abin da ke ciyar da ni saboda an rubuta sunana ba. Katin ya ɓace tuntuni. Igiyarsa tana nan, da ita nake ɗaure bakin buhun iri.