Kawu Hamisu da Ɗan Riƙonsa Bahago

Duk wanda ya taɓa kiran Kawu Hamisu a waya ya san ba a gaishe shi a tsaye, sai ka nemi kujera. Da ka ce "Kawu, ina wuni?" zai amsa a gurguje, ya tambayi iyali a gurguje, sannan ya gyara murya: "Kai, ka ji abin da yaron nan ya yi jiya?" Shi ke nan, ka shiga uku. Ba ɗan kowa ba ne a cikinmu. Wani ɗan besbol ne, wasan nan na ƙwallo da sanda na Amurka, da ko gemu bai fito masa ba, yana wasa a ƙauyen da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Ku da kuka san shi kun san babbar ƙungiyar Washington ba ta dame shi ba. Ita wannan, a shekarun farko, kashi take sha kamar ba gobe. Hankalin Kawu yana can ƙasa, wajen ƙananan ƙungiyoyin da take renon 'yan wasa mataki-mataki, kafin a tsamo ɗaya daga cikin taron a kai shi babban fili. Injiniyan ruwa ne fa, Bakatsine, ko sandar wasan bai taɓa riƙewa ba. Amma duk yaron da ka tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Ku ba shi shekara biyu."

Wata rana a gidan suna a Landover, maza na ta musun siyasar gida, sai ga Kawu ya kutso da labarin wani yaro mai jifan ƙwallo. Dakta Lawal, abokinsa tun jami'a, ya ajiye cokali ya ce, "Haba Hamisu! Tun ina da gashi kake ce mana shekara biyu."

Kawu ya kalli sanƙonsa ya ce, "To laifin yaron ne? Gashin ne bai yi haƙuri ba."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni na fi kowa shan wahalarsa. Da idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi, sai na zama direba. Duk Asabar ta bazara zan tashi daga Silver Spring, da gajiyar aikin asibiti a jikina, in kutsa tirafik har Manassas, in ɗauke shi zuwa wani ɗan fili mai bencin ƙarfe da ke gasa mutum kamar tsire. Sau ɗaya na samo tikitin babban fili daga wurin aiki, kujeru masu inuwa, na kawo masa da murnata. Ya juya tikitin ya miƙo mini.

"Waɗannan sun riga sun ƙoshi, Nura. Me zan kalla? Mutum yana cin abinci?"

A ɗan filin nan akwai wasu tsofaffin Turawa da ke zama jikin wayar shinge da na'urar auna gudun ƙwallo, suna ta lissafi. Kawu ba ruwansa da lissafi, tarbiyya yake dubawa. Wanda ya jefar da hula don fushi, ya faɗi. Wanda ya gaida alƙalin wasa, zai yi nisa. Ranar da aka kawo wani siririn yaro ɗan Dominika, Turawan nan har miƙewa suke yi in ya yi jifa. Kawu ya girgiza kai.

"Wannan babu inda za shi. Da hagu ya karɓi ruwa."

"Kawu, bahago ne! Saboda hagun aka ɗauko shi. Masu jifa da hagu tsada gare su."

"Tsada daban, gida daban."

Allah bai ba su haihuwa ba, shi da matarsa Anti Bilki. Ba ya maganar, mu ma ba ma yi. Amma kowa ya san abin da yake so bai wuce ya ga yaro ɗaya da ya rena ya zama wani abu ba. To da aka yi shela cewa ana neman gidajen da za su sauke 'yan wasa, don albashinsu bai isa haya ba, Kawu ne ya fara ɗaga hannu. Ku faɗa mini wa aka turo masa? Bahagon nan!

Su masu ƙungiya ɗaki kawai suke nema. Kawu kuwa riƙo ya ɗauka, irin na gida. Ya raɗa masa suna Dogo. Ya sa aka kira uwarsa a waya, Dogo yana fassara da guntun Turancinsa. "Ka gaya mata amana ce. Ba zan mayar mata da kai ba sai ka taka babban fili." Na ce, "Kawu, ba a irin wannan alkawarin a besbol." Ya ce in yi shiru, manya na magana.

Cikin wata guda Dogo ya iya tuwo da miyar kuka, ya iya durƙusawa ya ce "Baba, ina kwana?" Da dama yake ci, dole. Na tsokani Kawu na ce ashe dai bai haƙura da zancen hagu ba. Ya ce, "Kai ba ka san wasa ba. Adana masa ita nake yi."

Bazara biyu ya yi a gidan. Sai wata Talata Kawu ya kira ni, wai an musanya Dogo zuwa wata ƙungiya can yammacin ƙasar, gobe zai tafi. Na ce haka sana'ar take. Ya ce in zo yanzu. Na iske shi cikin babbar riga da hula, kamar mai zuwa neman aure. Muka nufi ofishin filin, inda muka tarar da wata baiwar Allah mai sayar da tikiti. Ta tambaye shi ko shi ne wakilin ɗan wasan.

"Nura, gaya mata ni ne ubansa a ƙasar nan. Wa ya nemi izinina?"

Turanci fa yana bakinsa fiye da ni, amma in ransa ya ɓaci sai da tafinta. Ta ce ita ba ta da hannu, daga sama ne. Ya ce to da wa aka musanya shi? Ta duba ta ce da wani ɗan wasa da za a bayyana sunansa nan gaba.

"Innalillahi! Kun ba da ɗana ba ku ma san sunan abin da kuka karɓa ba? Ko akuya ce a kasuwar Mai'adua ai sai an duba haƙoranta!"

Wannan ban fassara ba. Washegari muka kai Dogo filin jirgi da guzurin kilishi da yaji da man zafi. Anti Bilki ta yi ta kuka har gida.

Sauran labarin babu daɗi. Dogo ya hau mataki ɗaya, gwiwar hannunsa ta tsage, aka yi masa aiki. Ya dawo, ta sake tsagewa, aka sake yi masa aiki. Kawu yana ta cewa shekara biyu, har ranar da aka sallame shi gaba ɗaya, ya koma tuƙin babbar mota a Texas. Daga nan Kawu bai ƙara zancen besbol ba. Ciwon ƙoda ya kama shi, na koma kai shi wankin jini maimakon fili. Wata rana a mota ya ce, "Na karɓi ɗan mutane, na mayar da shi da hannu a lalace." Na ce ba laifinsa ba ne. Ya juya yana kallon taga. Da wannan nauyin ya rasu.

Kun san yadda muke binnewa a nan. Kowa ya zuba ƙasa da hannu, a yi 'yan shebur kaɗan, sai injin maƙabarta ya ƙarasa, don yawancinmu ciwon baya ya kama mu, wasu kuma aiki na jiransu. Mai injin har ya tayar, sai wani ƙaton mutum ya fito daga bayan sahu da kayan aiki a jikinsa. Wallahi ban gane Dogo ne ba sai da ya yi magana. Anti Bilki ce ta kira shi, ya kwana yana tuƙi.

Ya ɗaga wa mai injin hannu ya ce da Hausa, "A'a. Babana ne."

Wasu suka dubi liman. Liman ya ce, "Ku bar shi." Ya karɓi shebur da hannun nan da aka yanka har sau biyu, ya yi ta zubawa shi kaɗai, yana cije leɓe, sai da kabarin ya cika ya daidaita shi. Mu da muke sauri, babu wanda ya motsa.

Allah ya jiƙan Kawu Hamisu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Anti Bilki haƙuri. Ya Allah, ka sanar da bawanka cewa bai ci amana ba, riƙonsa ya yi kyau. Amin.