Askar da ke Kuncin Baba

Babanmu bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Amma a daminarsa ta ƙarshe yakan zauna a zauren gidanmu na Balan bayan la'asar, ya bar ni in zana shi da allin kala. Kafin in fara sai da na tambayi wani malami ko ya halatta. Ya ce in tsaya iya ƙirji. Duk da haka na sake tambayar wani a Gaya, don hankalina bai kwanta ba, shi ma haka ya ce.

Na gama hula, na gama gemu da idanu. Askar kuncinsa kaɗai na bari, ina tsoron kada in karkata ta. Ina ta jan ƙafa har Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar arba'in na daure na sa ta. Shi kuwa allin kala, ko hannun riga ne ya shafe shi ya tafi, sai an fesa masa ruwan ƙaro ya bushe. Na jiƙa ƙaron ke nan sai ga yayana da ke zaune a Kano.

"Kai, ashe ka iya! A falona zan rataye shi. To amma me ya sa ka tsattsaga masa fuska?"

"Askarsa ce, Yaya."

"Haba malam mai zane, wa ke yayin wannan yanzu? So kake baƙina su ce daga daji muka fito?"

Kafin in miƙe ya lashi babban yatsansa ya murje kuncin, kamar mai share wa yaro majina.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce mutumin da ya riƙa goya ka a keke zuwa makaranta har Ajingi, yau fuskarsa ce abin kunyarka?

Inda yawun ya taɓa, takardar ta yi santsi, ta ƙi karɓar alli. Na tafi Kademi wurin gwaggo, ƙanwar Baba, mai irin askarsa, na zaunar da ita ina kwaikwaya. Na bi a hankali, na sake bi, amma layukan suka fito dishi-dishi. Gwaggo ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, tasa ta fi haka zurfi."

Ai na sani.

Da Yaya ya aiko direban bas ya karɓar masa hoton, na ce a gaya masa ya je ya sayi kalanda ya rataya.