Rumbun da Suruki Bai Taɓa Ba

Sake-Kunnawa ake ce masa, domin duk cutar da kwamfuta ta zo da ita, maganinsa na farko ke nan: a kashe, a sake kunnawa. Da gyaran rediyo ya fara a gindin wata baranda, ya koma wayoyi, daga baya ya rataya jaka yana bin ofisoshi yana saka manhaja. Mutane suna yaba hannunsa. Surukinsa kuwa, mai babban shagon kayan gini, in aka tambaye shi sana'ar mijin 'yarsa, sai ya ce yaron yana ɗan danne-danne, Allah dai ya kawo masa aiki.

Ranar da surukin ya sayi manhajar lissafi ya aika a kira shi, matar Sake-Kunnawa da kanta ta goge masa riga. Ta ce in wannan ya yi kyau, Baba zai fara ƙirga shi cikin masu sana'a.

Ofishin ɗan ƙarami ne, a bayan buhunan siminti. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya zauna. Manhaja ta shiga lafiya lau. Sai da aka zo buɗe rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da za ta riƙe duk harkar shagon, sannan ta ce atafau. Ya kashe ya kunna, kada a ce ya bar gado. Ta sake ƙi. Da ya natsu ya karanta saƙon da kwamfutar ta nuna, sai ya ga ashe akwai wani rumbun da aka fara aka watsar a rabi, aka kuma kulle. Sunan surukin ne a kai, har da laƙabinsa na kasuwa.

"Baba, ko wani ya ɗan taɓa ta kafin in zo?"

Surukin ya ce shi da ko tashar talabijin sai an canja masa, ina shi ina wannan? Akantan shagon, da ke tsaye a gefe, ya ga lokaci ya yi da zai duba lafiyar silin.

Gyaran bai kai shan ruwa ba: a goge tsohon, a gina sabo. Sai dai gogewar tana neman kalmar sirri, ita kuma tana cikin kan mutumin da bai taɓa komai ba. Sake-Kunnawa ya ɗora laifi a kan wuta. Ya ɗora a kan sabis. Ya ce wataƙila zafi ne, aka juya wa kwamfutar fanka, su suna ta gumi. Surukin ya fara duban agogo, yana faɗa wa akanta cewa dama an ba shi lambar wani injiniya na gaske.

Nan Sake-Kunnawa ya sunkuyar da kai.

"Baba, kuskurena ne. Ni na buɗe rumbun da sunanka, na kulle, na manta abin da na sa. Ko za ka taimaka ka cinka mini? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Surukin ya yi tsaki, ya ja kujera, ya ce kowa ya kau da ido. Cinkar farko ta buɗe. Akanta ya ce lallai manya gatan wasa.

Rumbu ya ginu, lissafi ya hau. Da yamma surukin ya kira 'yarsa a waya, ya ce mijinta ba laifi, daga yau shi zai riƙa kula da kwamfutocin shagon. Sai dai ta riƙa sa masa ido, don yaron akwai mantuwa, yau ma da ba ya kusa da an ji kunya.

Ta ajiye waya ta tambayi mijin me ya manta haka. Ya ce wallahi ya manta.