Injin Matse Katakon Malam Buba

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Buba mai akushi makwancinsa a nan Azare. Ni mai walda ne, rubutu ba sana'ata ba ce, amma a watan jiya an sa ni wani aiki da ya hana ni yin shiru.

Malam Buba mutumin wajen Disina ne, ya gaji sassaƙa a hannun mahaifinsa. Akushi daga gungume guda ake fitar da shi, kuma tun yana da ƙarfinsa manyan itatuwa suka fara ƙarewa. Ya dawo gari ya sayi tsohon injin juya itace, sai ga shi babu abin juyawa. Daga nan ya shiga bin rumfunan kafintoci yana tsince guntayen da suka zubar, jan madaci da farin katako. Sai ya yayyanka su ƙanana, ya manna su da gam su zama zobe, ya ɗora zobe a kan zobe har su yi siffar kwano, sannan ya ɗaura a inji ya fere.

Inda ya sha wuya shi ne wajen matsewa. Da farko bulo yake jibga musu. Zobban su zame, gam ya bushe da kafa a tsakani. Wata rana kwano ya tarwatse a kan inji, wani guntu ya tsaga masa gira. Da filasta a goshi ya iso rumfata, riƙe da jak ɗin tsohuwar mota.

Ya ce, "Malam Sale, so nake wannan ya danna daidai wa daida, kada wani gefe ya fi wani."

Na yanka ƙarfen tsohon gado na tayar da ƙafafu huɗu, na gitta wani a sama, jak ya zauna a ƙarƙashinsa yana danna faranti. Da muka gwada, sai ya yagi takarda yana zura ta tsakanin zobban. Inda ta shige, aikina bai yi ba. Sau uku ina warwarewa ina sakewa. A na ukun na hasala, na ce masa akushi fa muke yi, ba agogo ba. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Nono bai san da wannan ba. In ya ga kafa, bi zai yi."

Ranar da takarda ta ƙi shiga, Malam Buba ya daɗe yana shafa farantin nan. Ya yi imani ya samo wa sana'ar gidansu hanyar tsira: ko daji ya ƙare, ai kafintoci ba za su daina zubar da guntaye ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Motocin gawayi kullum suna wucewa ta hanyar Giade, buhu a kan buhu. Kafintocin da ya dogara da su yawanci sun koma katakon da ake haɗawa da dusar itace, wanda guntunsa ko raɓa ta taɓa sai ya kumbura. Mata kuwa sun koma roba, ga sauƙi ga rashin nauyi, kuma ban ga laifinsu ba. Ya yi tanadin ƙarewar daji, bai yi tanadin ƙarewar guntayen ba.

A watan jiya babbar 'yarsa Hajara ta aiko kirana. An raba gida, katanga za ta ratsa ta rumfar aikin. Injin juyawa tuni ya tafi, saura wanda na ƙera.

Ta ce, "Baba, kai ka haɗa shi. Ba na so baƙon hannu ya farfasa."

Na roƙi kwana biyu. Na zaga kafintoci uku ko akwai mai so kyauta. Biyu suka ce ba su da wurin ajiyewa, na ukun ya ce a cire masa jak ɗin. Na koma na yanka shi da hannuna. Abin da ya ci mana mako biyar, kafin la'asar ya zama tarin ƙarfe.

To me ya rage na Malam Buba? Ɗalibi babu, rumfa babu. Abin da na sani shi ne, ran kasuwar Gadau na ga wata dattijuwar Bafulatana da akushi mai ratsin ja da fari. Na karɓa na juya shi a rana, babu haɗi ko ɗaya da ya buɗe. Na tambaye ta wa ya yi. Ta ce wani tsoho ne a Azare, ba ta riƙe sunansa ba. Sai ta ce ko na san inda za ta samo wa jikarta irinsa.

Na miƙa mata kayanta, na ce ta riƙe wannan da kyau. Allah ya jiƙan Malam Buba.